Da gaske ne 'yan Zen ba su da aƙida?

Yusha'u: Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya kwana biyu yana yi mini yawo a ka. Na ci karo da wani bayani cewa addinin Buda, musamman reshensa da ake kira Zen a Japan, ba shi da aƙida ko kaɗan. Wai Buda da bakinsa ya ce kada a gaskata magana don ta zo a littafi ko don malami ne ya faɗa, sai mutum ya gwada da kansa. Su kuma 'yan Zen suka kai abin ƙarshe, har wani malaminsu ya ce in ka gamu da Buda ka kashe shi. Ba tallar addinin kowa nake yi ba, abin ne ya ɗaure mini kai. Yaya addini zai shekara sama da 2000 ba tare da abin da aka ce dole a yi imani da shi ba?

Hajiya Bilki: Wa alaikumus salam. Yusha'u ƙanena, maganar tana da asali, sai dai an yanke mata kai da ƙafa kafin ta iso gare ka. Labarin na mutanen wani gari ne a arewacin Indiya mai suna Kesaputta, 'yan ƙabilar Kalama. Malamai sun dame su da zuwa, kowa ya zo sai ya yabi nasa ya kushe na wanda ya riga shi, har suka rasa na kamawa. Da Buda ya iso garin suka kai masa kuka. Ya ce musu kuna da dalilin ruɗewa, sannan ya jero abubuwa 10 da bai kamata su jingina da su ba: abin da aka gada, jita-jita, abin da ke cikin littafi, girman malami, da sauransu. Masu yaɗa maganar a intanet a nan suke tsayawa. Abin da ba sa faɗa shi ne, cikin goman nan har da hujjar hankali, da kintace, da "ra'ayin nan ya kwanta mini a rai". Wato kan naka ma yana cikin abubuwan da ya ce a yi hattara da su. Ma'aunin da ya ba su shi ne su duba ko abu in an aikata shi cuta yake jawowa ko alheri, kuma masu hikima yabonsa suke yi ko zarginsa. Daga nan ya yi ta jan su da tambaya har suka amsa da bakinsu cewa kwaɗayi da ƙiyayya da ruɗu su ke halaka mutum. Ya san inda zai kai su tun kafin ya fara.

Sannan hanyarsa mai rassa 8, reshen farko shi ne daidaitacciyar fahimta, kuma a cikinta akwai yarda cewa aiki yana da sakamako, a rayuwar nan da wadda ke biye. To wannan me za a kira shi?

Malam Habu: Ni fa jama'a ban ga alfanun wannan zance ba. Mutanen da ke rusuna wa mutum-mutumi, me za mu tsinta a wurinsu? Akwai yara a zauren nan. Kada garin neman gira a rasa ido.

Hajiya Bilki: Allah ya gafarta Malam, ba wanda ya ce a bi, sani muke nema. Shahrastani, wanda ya rasu a 1153, ya yi bayanin mabiya Buda a cikin Al-Milal wan-Nihal, bai kuwa bar addininsa ba don ya yi. 'Ya'yanmu suna karatu a Indiya da Malesiya da Japan, 'yan kasuwarmu suna Sin. In ba mu faɗa musu yadda abin yake ba, guntun labari za su tsinta a waya, kamar wanda Yusha'u ya tsinta.

Malam Habu: To na ji, Hajiya. Amma a rarrabe mini abu biyu, don na ga ana cakuɗa su. Aƙida daban, taƙlidi daban. Aƙida abin da ka ƙulle a zuci ne cewa gaskiya ne. Taƙlidi kuwa karɓar maganar wani ba tare da sanin hujjarta ba. Wanne ake cewa ba su da shi?

Aminu: Baba Malam ya sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Bari in faɗi abin da idona ya gani. Shekarata ta uku ke nan ina karatu a Japan. Wani abokin karatuna ɗan ƙasar ya gayyace ni zaman safiyar Lahadi a wani ƙaramin gidan ibada na ɗariƙar Soto ta Zen a unguwarmu. Tun daga bakin ƙofa na gaya wa malamin wurin cewa ni Musulmi ne, ba zan rusuna wa mutum-mutumi ba. Ya ce ba komai, in zauna daga baya.

Na je ne da zaton zan tarar da mutanen da suka yar da ƙa'ida, kowa na yin abin da ya ga dama. Sai na tarar hatta ƙafar da za ka fara shiga ɗakin da ita an ƙayyade, ta hagu. Kowa da ɗan matashinsa baƙi zagayayye. Hannun hagu a kan na dama, manyan yatsu suna ɗan taɓa juna, fuska ga bango, ido ba a rufe ba, minti 40 ba motsi. Can cikin zaman malamin ya zo ta bayana, ya ɗora tafin hannunsa a gadon bayana ya miƙar da ni, bai ce uffan ba. Da aka kaɗa ƙararrawa sai aka raba takardu, aka hau karanta wani nassi da murya ɗaya, ana buga wata 'yar ganga ta itace. Tsofaffin matan da ke wurin ko kallon takardar ba sa yi, sun haddace.

Da aka zauna shan shayi na tambaye shi, me mutum zai gaskata kafin ya zama naku? Ya ce, ka dawo mako mai zuwa ka zauna. Iyakar amsar ke nan. Ba sa tare ka a ƙofa su ce sai ka furta kaza, Baba, amma jikinka kam daga ƙafa har ido sai ya bi tsari.

Yusha'u: Yaya Aminu ai ka ƙarfafa maganata. Tsarin zama ba aƙida ba ne. Kuma in nassin da ka ji Sutrar Zuciya ce, na karanta fassararta. Cewa take yi babu ido, babu kunne, babu hanci, babu wahala, babu sanadinta, babu gushewarta, babu hanya. Gaskiya huɗun nan da Buda ya fara koyarwa a Sarnath, wato wahala da sanadinta da gushewarta da hanya, su suke sokewa kowace safiya.

Aminu: Ita ce kuwa. Haruffan Sinanci 260 ne kacal a fassarar Xuanzang. Amma Yusha'u, wanda bai taɓa jin gaskiya huɗun ba, me zai fahimta in an ce masa babu su? Nassin da masu sani yake magana.

Alhaji Ɗanlami: Ku 'yan boko ku ɗan ba ni wuri. Ni ba karatunsu na yi ba, amma na shekara da yawa ina zuwa Guangzhou saro kaya. Ba nisa da tsohon masallacin Huaisheng akwai wani babban gidan ibadarsu, Guangxiao. Wata rana tafintana ya ja ni muka leƙa. Ya ce a nan ne wasu 'yan zuhudu biyu suka yi gardama kan tuta, ɗaya ya ce tutar ce ke motsi, ɗaya ya ce iska ce, sai wani baƙo ya ce musu zuciyarku ce ke motsi. Baƙon shi ne Huineng, ɗaya daga cikin manyan malaman Zen na ƙasar Sin, kuma a nan aka yi masa askin shiga zuhudu, har akwai 'yar hasumiya da aka gina kan gashin. To amma abin da na gani a tsakar gidan, mata ne da maza riƙe da tsinken turare uku-uku, suna durƙusawa, suna ajiye lemo da tuffa. Na ce me suke roƙo? Ya ce wannan ciniki, waccan jarrabawar ɗanta, wancan lafiyar uwarsa. Ni dai masu buƙata na gani, irin na ko'ina. Wanda zai ce waɗannan ba su yi imani da komai ba, bai tsaya a tsakar gidan nan ba.

Hajiya Bilki: Alhaji ka kawo mu inda ya dace. Huineng ɗin nan, wanda ya rayu daga 638 zuwa 713, da shi ake kafa hujja cewa Zen ba ruwansa da littafi, don an ce mai sayar da itace ne, bai iya karatu ba. Amma a labarin nasu, me ya buɗe masa zuciya? Ya ji wani yana karanta Sutrar Lu'ulu'u ne. Daga baya maganganunsa shi kansa aka tara aka kira su sutra, sunan da a al'ada maganar Buda ake ba. Gawarsa kuwa har yau tana zaune a gidan ibada na Nanhua kusa da Shaoguan, an shafe ta da fenti mai kariya, ana kai mata ziyara.

Akwai baitoci huɗu da suke taƙama da su, cewa tasu isarwa ce ta daban a wajen nassi, ba ta dogara da kalma ko harafi ba, tana nuni kai tsaye ga zuciya, mutum ya ga asalinsa ya zama Buda. Ana jingina su ga Bodhidharma, malamin da ake cewa shi ya kawo Zen ƙasar Sin, amma ba a same su a haɗe wuri guda ba sai a wani littafi na 1108, ɗaruruwan shekaru bayan zamaninsa.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Deshan, wani malaminsu na ƙasar Sin. Gwani ne a Sutrar Lu'ulu'u, ya goyo sharhohinta a baya ya nufi kudu don ya ƙure 'yan Zen. A hanya ya tsaya sayen waina wurin wata tsohuwa. Ta ce masa, littafin nan naka ya ce zuciyar da ta wuce ba ta kamuwa, ta yanzu ba ta kamuwa, mai zuwa ba ta kamuwa, to da wace zuciya za ka ci wainar? Ya rasa ta cewa. Daga baya ya tara sharhohin ya cinna musu wuta. Mutane wutar suke tunawa. Ni kuwa abin da nake tunawa, tsohuwar da nassin ta kama shi, kuma shi abin da ya ƙona ya riga ya shige masa ciki. Linji mai cewa a kashe Buda, wanda ya rasu wajen 866, shi ma sai da ya sha karatun nassi da dokokin zuhudu kafin ya faɗi haka, kuma 'yan zuhudu yake gaya wa, mutanen da suka bar gida da dangi saboda Buda.

Yusha'u: To Hajiya, misalin abin fito fa? Shi ma yanke shi aka yi?

Hajiya Bilki: Yana nan daram. Matafiyi ya iso babban ruwa, ba gada ba kwale-kwale, ya tara kirare da ciyawa ya ɗaure, ya haye a kai. Buda ya ce shin hankali ne ya ɗora abin a ka ya ci gaba da tafiya da shi? Koyarwata ta ƙetarewa ce, ba ta riƙewa ba. Amma ka san dalilin huɗubar? Wani ɗan zuhudu ne mai suna Arittha ya riƙa cewa abubuwan da Buda ya kira cikas ba cikas ba ne. Buda ya kira shi gaban jama'a ya ce masa wawa. A huɗubar dai ya kawo misalin maciji: wanda ya kama shi ta wutsiya zai juyo ya sare shi, gwani kuwa da gwafa yake danne wuyan tukuna. A zama ɗaya ya ce kada a rungume koyarwar, ya kuma tsawata wa wanda ya karkatar da ita.

Malam Habu: Da na fara jin zancen yar da abin fito sai na ce wannan ai cin moriyar ganga ne a yar da kwaurenta. Yanzu na gane sai an kai gaci ake nufi. To wa ke shaida cewa mutum ya kai gacin? Shi da kansa?

Aminu: Malaminsa, Baba. Suna da silsila. A manyan gidajensu kowace safiya sai an jero sunayen malamai tun daga Buda, a biyo ta kan Bodhidharma wanda suke ƙirgawa na 28, har a iso Dogen. Ba ka zama magaji sai wanda ke cikin silsilar ya ba ka izini.

Malam Habu: To ga amsar tambayata. Aƙida suna da ita. Taƙlidin ma yana nan, daga littafi ya tashi ya koma kan malami.

Aminu: Shi Dogen ɗin ma, wanda ya kawo Soto Japan, bai yarda da zancen "a wajen nassi" ba, ya rubuta cewa masu faɗin haka ba su fahimci koyarwar Buda ba. Ko sunan "ɗariƙar Zen" ya ƙi. Ya je Sin a 1223 yana saurayi. Yana cikin jirgin ruwa a tasha sai wani tsohon mai dafa abincin gidan zuhudu ya zo sayen naman kaza, wato laimar kwaɗi. Dogen ya roƙe shi ya kwana su yi hira, ya ce ina, gobe akwai girki. Dogen ya ce dattijo kamarka me ya sa ba za ka zauna ka yi nazari ba, ka bar wa yara girki? Tsohon ya yi dariya ya ce, ɗan baƙo, ba ka san mene ne aiki da koyarwa ba tukuna, ba ka kuma san mene ne kalmomi ba. Na je Eiheiji, gidan da ya kafa a 1244 a tsaunukan Fukui. Wurare uku ba a magana a cikinsu: ɗakin zama, wurin wanka, da bayan gida. Shi da kansa ya rubuta babi sukutum kan ladabin shiga bayan gida da yanke farce.

Kuma akwai labarin da suke karantawa na wani malami da aka tambaya ko wanda ya waye yana ƙarƙashin sakamakon aiki, ya ce a'a, saboda wannan amsa aka maimaita haihuwarsa sau 500 a jikin yanyawa. A ƙarshen rayuwarsa Dogen ya koma kan labarin nan, ya ce mai musun sakamakon aiki ya fita daga hanya.

Rifkatu: Sannunku da ƙoƙari, ina ta bi a hankali. Ni ma'aikaciyar jinya ce, an taɓa koya mana zaman lura da numfashi don rage damuwa, aka ce ba ruwansa da addini. Anti Bilki, in haka abin yake a can, daga ina wannan suna na "ba aƙida" ya fito?

Hajiya Bilki: Rifkatu, wanda aka koya muku ya samo asali ne daga shirin mako 8 da Jon Kabat-Zinn ya fara a Amurka a 1979, kuma da gangan ya cire lafuzzan addini don asibiti ya karɓa. Amma tushen ya girmi haka. Bayan 1868 sabuwar gwamnatin Japan ta raba Shinto, addinin gargajiyar ƙasar, da addinin Buda, aka rushe gidajen ibada da yawa, ana ce masa baƙon addini mai camfi. Sai wasu malamansu suka tashi nuna cewa nasu ya dace da zamani da kimiyya. Shaku Soen ya je taron addinai na Chicago a 1893. Almajirinsa D. T. Suzuki ya shafe shekaru yana rubutu da Turanci, yana nuna Zen a matsayin tsantsar ɗanɗanon zuci da ya wuce kowace aƙida. Turawan da suka gaji da coci abin da suke son ji ke nan. Turaren da Alhaji ya gani da haddar tsofaffin da Aminu ya ji ba su samu shiga wannan hoton ba.

Abin da ya sa maganar take ci mini rai kuwa shi ne abin da ya biyo baya. Dokar farko a addinin nan ita ce kada a kashe rai. Amma lokacin da Japan ta shiga yaƙe-yaƙenta a Sin da sauran Asiya, manyan malaman Zen da yawa sun mara wa sojoji baya, kuma da harshen Zen suka yi: babu "ni", mutuwa da rayuwa ɗaya ne, takobin da ke kashewa shi ke rayarwa. Brian Victoria, shi kansa malamin Soto, ya tattara maganganunsu a littafinsa na 1997. Soto ta fitar da takardar tuba a 1992, reshen Myoshinji na ɗariƙar Rinzai sai a 2001. Akwai wani malamin Soto, Uchiyama Gudo, da ya tsaya wa manoma 'yan haya, ya buga takardu a ɓoye yana sukar sarautar. Ɗariƙarsa ta kore shi, gwamnati ta rataye shi a 1911, ba a mayar masa da matsayinsa ba sai 1993. In an koya wa almajiri cewa doka abin fito ce, kuma malami ne kaɗai ya san wanda ya haye, ranar da malami ya ce ɗauki bindiga da me yaron zai ce a'a?

Yusha'u: Hajiya a nan kam ban yarda ba, ki gafarce ni. Ki duba Miyanma. Can ba Zen ba ne, masu riƙo da nassi ne sosai. 'Yan zuhudunsu dokoki 227 suke bi. A Mandalay an sassaƙa nassin gaba ɗaya a kan allunan dutse 729. Duk da haka a cikinsu aka samu Wirathu da ƙungiyar 969 suna hura wutar ƙin Musulmi, kuma a 2017 'yan Rohingya sama da 700,000 suka tsere Bangaladash. Dokar kada a kashe rai tana rubuce a dutse, ba ta hana ba. Ashe ba rashin aƙida ne ya jawo na Japan ba.

Hajiya Bilki: Ka kama ni, ƙanena, kuma da gaskiyarka. Rubutu a dutse ba ya riƙe hannun kowa. Abin da zan tsaya a kai kawai, a Miyanma an samu 'yan zuhudun da suka ƙi bin Wirathu, kuma nassin nan suka ɗaga suka ce ba haka aka koya mana ba. Yana ba mai ƙin yarda wurin tsayawa. Ban ce ya fi haka ba.

Rifkatu: Ni wanda na sani a cikinsu shi ne Thich Nhat Hanh na Biyetnam, wanda ya rasu a 2022. A tsakiyar yaƙin ƙasarsu, a 1966, ya kafa wata jama'a mai ƙa'idoji 14. Ta farkon cewa take yi kada ka mayar da wata koyarwa gunki, ko da ta Buda ce. Ya ga yadda ake kashe mutane a ƙauyuka saboda ra'ayi, daga ɓangarorin biyu.

Malam Habu: 'Yata, ita ma ai ƙa'ida ce, har da lamba. An rubuta ta, ana karanta ta, ana ɗaukar alkawari a kanta.

Hajiya Bilki: Sun san da wannan, Malam. Nagarjuna, wani malamin addinin Buda na Indiya, tun wajen ƙarni na 2, ya ce koyarwar wofinta, wato cewa babu abin da yake tsaye da kansa, magani ce ta fitar da ra'ayoyi, wanda kuwa ya mayar da ita kanta ra'ayi, ba shi da magani.

Yusha'u: Na janye "ko kaɗan" ɗin da na faɗa da farko. Amma har yanzu ina ganin akwai bambanci tsakanin wanda ya ce gaskata sannan ka shigo da wanda ya ce shigo ka zauna ka gani. Shi malamin Yaya Aminu bai tambaye shi imaninsa ba.

Malam Habu: Bai tambaya ba don baƙo ne. Aminu, in ka koma ka yi mini tambaya ɗaya. Ka ce masa wani tsoho a gida yana son sani: in malaminsa da ya ba shi izini ya umarce shi da abin da ya saɓa wa dokar kada a kashe rai, wa zai bi, malamin ko dokar?

Aminu: Zan kai saƙo in sha Allah, Baba, ranar Lahadi bayan an sha shayi. Sai dai a nan gidajen ibada gado ne, daga uba zuwa ɗa. Kakansa ne ke riƙe da gidan a lokacin yaƙin, hotonsa na rataye a ɗakin da muke shan shayin. Ku ba ni kwana biyu in nemi lafazin da zan yi tambayar da shi ba tare da na ci masa fuska ba.